Darasi na Tara: Tsufa Daban, Cuta Daban

Abu ne sananne ga duk wanda ya zauna a Potiskum, ko da na ɗan lokaci ne, cewa idan aka ga dattijo ya fara jan ƙafa, ko gyatuma ta fara manta sunayen jikokinta, ko kuwa aka wayi gari wani magidanci da ya kwanta lafiya lau ya tashi ɓarin jikinsa a shanye, maganar da ta fi saurin fitowa daga bakin jama'a ita ce, “Ai tsufa ne,” kuma da zarar an faɗi haka sai kowa ya sakankance, kamar alƙali ya yanke hukuncin da ba a ɗaukaka ƙara a kansa. Maƙasudin wannan darasi shi ne mu ɗora wannan magana bisa mizani, mu rarrabe abin da ke cikinta na gaskiya da abin da ke cikinta na sakaci, domin masana kiwon lafiya, bayan sun shafe fiye da shekara 70 suna bin diddigin rayuwar dubban mutane a ƙasashe daban-daban, har da ƙasarmu Nijeriya, sun tabbatar da cewa galibin abin da ke kwantar da tsofaffi cututtuka ne masu sunaye da sabubba, waɗanda kan ɗauki shekara 20 ko 30 suna ginuwa a jikin mutum tun yana ganiyar ƙarfinsa.

Kafin mu shiga mas'alar, ya kamata a kawar da wata shubuha. La'alla wani a cikin aji ya ce ajali rubutacce ne, ba a ƙara masa sa'a guda ba a rage masa. Haka yake, babu jayayya. Amma malamanmu ba su taɓa karantar da cewa riƙo da sababi yana warware tawakkali ba, hasali ma sun lissafa kiyaye rai da kiyaye hankali cikin manyan abubuwan da shari'a ta zo domin tsarewa. Tambayar da ke gabanmu ita ce: kwanakin da aka rubuta wa bawa, a tsaye zai cinye su, yana alwala da hannunsa yana zuwa masallaci da ƙafarsa, ko kuwa a kwance, ana tayar da shi ana kwantarwa?

Hanyar da masanan ke bi tana da sauƙin fahimta, ko da yake tana bukatar haƙuri. Sukan ɗauki jama'a masu yawa, su rubuta abin da kowa ke ci da sha, da irin sana'arsa, da awon jininsa, sa'an nan su zauna shekara da shekaru suna lissafin wanda ya kamu da wanda ya kuɓuta. Misalin da ya fi dacewa da mutumin Potiskum, garin da sunansa ya game Nijeriya saboda tireloli da kasuwar kara, shi ne binciken da wani likita mai suna Jerry Morris ya buga a Landan a shekarar 1953. Ya duba bayanan ma'aikatan motocin haya na birnin, kimanin mutum 31,000, ya kasa su gida biyu: direbobi, waɗanda ke wuni zaune riƙe da sitiyari, da kwandastoci, waɗanda ke wuni suna hawa da sauka a matakalar bas mai bene suna karɓar kuɗin mota. Mota ɗaya suke ciki, hanya ɗaya suke bi, amma sai aka tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobi, kuma idan ya kama su ya fi saurin kai su kushewa. Da aka yi masa ƙorafi cewa wataƙila tun asali masu ƙiba ne ke zaɓen tuƙi, bai yi fushi ba, sai ya je ya nemo awon ƙugun wandunan da hukuma ke ɗinka wa ma'aikatan, ya tarar lalle direbobi sun fi teɓa, amma duk da haka, ko siriri ko mai jiki, kwandasta ya fi direba kuɓuta daga mutuwar farat ɗaya. Wannan ita ce ɗabi'ar bincike na ƙwarai: a kawo maka suka, ka koma ka sake awo.

To, ku dubi tasharmu. Yaro yakan fara da zama yaron mota, shi ke hawa bodi ya ɗaure tamfol, shi ke kwance taya a tsakar rana, shi ke kokawa da bijimi ranar lodi, jikinsa duk jijiya. In Allah ya ɗaga shi ya zama direba, sai ya koma kwana biyu ko uku a kujera tsakanin nan da Ikko, abincinsa shayi mai kaurin sukari da burodi da lemon kwalba da goro. In ya ƙara gaba ya zama mai mota, sai ya samu benci a inuwa, daga hantsi har la'asar ba ya tashi sai salla, gida da masallacin Juma'a ma a mota, tumbi na fitowa jama'a na yi masa barka da arziki. Mutum ɗaya ne, amma ya tashi daga sahun kwandastocin Morris ya koma sahun direbobinsa, ba tare da ya san ya canza komai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa baligi, tsoho da matashi, aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato kimanin rabin sa'a na tafiya mai ɗan sauri a kwana biyar, ta kuma ƙara wa tsofaffi motsin da ke ƙarfafa ƙafa da daidaita tsayuwa domin gudun faɗuwa. Wannan ba ya bukatar filin wasa ko kayan Turawa. Wanda ya bar keke Napep ya taka zuwa kasuwar hatsi ya komo, ya biya bashin ranar.

Iyayenmu mata su ne abin tausayi a wannan babi. A da, daka da surfe da shara da jan guga sun ishe su motsi, yanzu injin niƙa ya ɗauke daka, 'ya'ya da jikoki kuma, saboda tsabar ƙauna, da sun ga tsohuwa ta ɗauki tsintsiya sai su fizge suna cewa, “Haba Hajiya, ki zauna ki huta mana.” Niyyar kyakkyawa ce, amma natijarta ita ce gwiwa ta sandare, cinya ta saki, har ranar da za ta zame a banɗaki ƙugu ya karye. A bar tsohuwa ta yi aikin da take iyawa, a raka ta gidan suna da gidan gaisuwa da ƙafa.

Binciken da ya fi kusa da mu, wanda kuma ya cancanci a daɗe a kansa, shi ne wanda aka fara a 1992 tsakanin Jami'ar Ibadan da Jami'ar Indiyana ta Amurka, bisa jagorancin Farfesa Benjamin Osuntokun da Farfesa Hugh Hendrie. Sun ɗauki tsofaffin Yarabawa 2,494 a tsohon garin Ibadan, da baƙar fatar Amurka 2,212 a birnin Indiyanafolis, dukansu 'yan shekara 65 zuwa sama, suka yi musu tambayoyi iri ɗaya da gwaji iri ɗaya, domin a gane yawan masu kamuwa da ruɗewar tsufa, wato cutar da ke sa mutum ya manta hanyar gidansa, ya ci abinci ya ce ba a ba shi ba. Hikimar zaɓen waɗannan jama'u biyu ita ce, galibin kakannin baƙar fatar Amurka daga Afirka ta Yamma aka kwashe su zamanin cinikin bayi, saboda haka akwai kusancin jini alhali akwai nisan rayuwa. Wata wahala da suka ci karo da ita a Ibadan, wadda ba baƙuwa ba ce a gare mu, ita ce yawancin tsofaffin ba su san shekarunsu ba, sai aka riƙa ƙiyasta su da manyan al'amuran tarihi, kamar yadda mu ma za mu tambayi dattijo ko ya yi wayo lokacin 'yancin kai a 1960, ko ya riga ya yi aure shekarar da aka canza hannun tuƙi a 1972, ko shekarar da naira ta gaji fam a 1973. Da aka buga sakamakon a 2001, sai ya nuna cewa a kowace shekara, cikin tsofaffi 1,000 na Ibadan kimanin 14 ne ke kamuwa, a Indiyanafolis kuwa kimanin 32, wato fiye da ninki biyu, duk da cewa mutanen Amurka sun fi yawan asibitoci da yawan kuɗi.

Masu binciken ba su yi gaggawar rataya bambancin a wuyan sababi guda ba, domin gado yana da nasa rabo, amma sun lura cewa hawan jini da ciwon suga da yawan kitse a jini duk sun yi ƙaranci ga tsofaffin Ibadan, waɗanda cimarsu doya ce da hatsi da ganye da ɗan kifi. Wani bincike da Richard Cooper da abokan aikinsa suka buga a 1997 ya ƙarfafa wannan zato, domin sun auna jinin baƙar fata a sassa uku na duniya, suka sami hawan jini ga kashi 16 cikin 100 a Afirka ta Yamma, kashi 26 a tsibiran Karebiyan, kashi 33 a Amurka. Abin da ya kamata ya tayar mana da hankali shi ne, ƙididdigar shekarun baya-bayan nan tana nuna kusan baligi ɗaya cikin kowane uku a Nijeriya yana da hawan jini. Ba mu je Amurka ba, amma cimarta da zamanta sun iso mu har gida, a cikin leda da kwalba.

Hawan jini shi ne uban tafiya a cikin cututtukan tsufa, kuma sharrinsa shi ne galibi ba ya ciwo. Mutum na iya shekara goma awonsa yana sama da 140 bisa 90, yana cin kasuwarsa yana raha, alhali jijiyoyin ƙwaƙwalwa da zuciya da ƙoda da ido suna lalacewa a hankali, sai ranar da bakinsa zai karkace a ce iska ta buge shi ko an yi masa jifa. Wanda kuma aka gano nasa aka ɗora shi a kan magani, sau da yawa da ya ji kansa ya daina sarawa sai ya ajiye ƙwayar ya ce ya warke, bai san cewa maganin riƙe cutar yake yi, ba korar ta ba. Babban abin da ke hura wannan wuta a gidajenmu yana cikin tukunyar miya. A tsaya a madafa a ƙirga: uwargida ta marmasa dunƙulen magi huɗu ko biyar, wanda kusan rabin kowane ɗaya gishiri ne, ta kawo garin ɗanɗano na leda ta zazzaga, ta ɗebi gishiri da hannu ta watsa, ta jefa kanwa don kuɓewa ta yi yauƙi, sa'an nan a kawo yaji mai gishiri a ajiye kusa da akushi. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarje wa mutum a yini ɗungurungum bai kai giram 5 ba, kimanin ƙaramin cokalin shayi guda, a haɗe da na miya da na burodi da na ƙuli-ƙuli da na tsire. Kanwa kuwa, ko da yake ba ta da ɗanɗanon gishiri sosai, sinadarin da ke tayar da jini a cikin gishiri yana nan a cikinta; tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka danganta yawan ciwon zuciyar masu jego da kunun kanwa da zafin da ake gasa su da shi. Daddawa da albasa da tafarnuwa da citta da busasshen kifi suna nan, su ne suka riƙe miyar kakanninmu, kuma harshe yakan saba da ƙarancin gishiri cikin 'yan makonni idan aka rage shi sannu-sannu.

Mu mutanen Yobe muna da ƙarin dalilin yin hattara, domin ciwon ƙoda ya addabi jiharmu, musamman yankin Gashuwa da Nguru, har cibiyar binciken kimiyyar lafiya ta Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, wadda Farfesa Mahmoud Bukar Maina ke jagoranta, ta duƙufa wajen neman musabbabinsa. Kafin su kammala nasu aikin, akwai abin da likitanci ya riga ya tabbatar: hawan jini da ciwon suga su ne kan gaba wajen kashe ƙoda a duniya, sa'an nan ƙwayoyin kashe zafin ciwo irin su diklofenak da ibufrofen, idan aka mai da su abin sha kullum, suna cin ƙoda, suna ƙwaƙule ciki, suna ƙara tayar da jini. Kowa ya san yadda abin ke gudana: dattijo ya dawo daga gona ko daga kara gwiwa na zogi, ya aiki jika kemis da 'yan canji a haɗo masa na ciwon jiki, a ƙunso ƙwaya huɗu ko biyar masu launi daban-daban, babu suna babu kwali, ya kora da ruwa, gobe ma haka, har shekara ta zagayo. Haka nan jiƙe-jiƙen da ake tallarsu da lasifika ranar kasuwa, waɗanda kwalba ɗaya wai tana maganin basir da suga da sanyi da ƙarfin maza. A haɗa wannan da zafin bazararmu, inda ma'aunin zafi ke haura 40 a watannin Afrilu da Mayu, ga shi kuma tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri kamar yaro, sai a ga ƙodar ta sha wuya ta fuska biyu. A riƙa miƙa wa tsoho ruwa ko bai tambaya ba. In azumi ya faɗo cikin zafi kuma likita ya ce akwai haɗari, to, shari'a ta yi wa tsoho gajiyayye da majinyaci rangwame, kuma karɓar rangwamen ba raunin imani ba ne. A tambayi malami, a tambayi likita.

Kada wanda ya riga ya manyanta ya ce alƙalami ya bushe. Binciken da Richard Doll ya yi a kan likitocin Ingila na tsawon shekara 50, wanda aka buga ƙarshensa a 2004, ya nuna mashayin sigari kan rasa kimanin shekara 10 a kan wanda ba ya sha, amma wanda ya daina yana ɗan 50 yakan ceto kimanin shida daga ciki, wanda ya daina yana ɗan 60 ya ceto kimanin uku. A Amurka kuma, a wani bincike da aka buga a 2002, an gwada mutum 3,234 da ke dab da kamuwa da ciwon suga, sai aka ga waɗanda suka rage ƙiba kaɗan suka lizimci tafiya haɗarinsu ya ragu da kashi 58 cikin 100, ga 'yan shekara 60 zuwa sama kuwa da kashi 71, wato tsofaffin ma sun fi matasa cin moriyar gyaran.

Saura mas'alar da ba a auna ta da na'ura, wato kaɗaici. Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya bincika tsofaffi 2,152 a ƙasar Yarabawa, ya buga a 2007 cewa kimanin ɗaya cikin huɗu ya taɓa faɗawa ciwon damuwa mai tsanani a rayuwarsa, kuma abin ya fi yawa ga mata da mazauna birni. Mukan yi alfahari cewa mu ba ma kai iyayenmu gidan gajiyayyu, kuma alfaharin yana da asali. Amma tsohuwa na iya zama a gida mai mutum 30 ta wuni ba wanda ya zauna ya yi hira da ita, an ba ta ɗakin ƙurya, ana tura yaro ya ajiye mata kwano ya fita, kowa ya duƙufa a kan wayarsa. Dattijo namiji yana da masallaci da majalisa a gindin darbejiya, ita fa? Shekarun tashin hankalin da garin nan ya gani daga 2012 sun ƙara yawan tsofaffin da suka rasa 'ya'ya ko suka baro ƙauyukansu, suka zauna inda ba su da tsara. Sau da yawa kuma abin da ke yanke tsoho daga jama'a ido ne ko kunne. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya sami makanta ga kashi 4.2 cikin 100 na 'yan shekara 40 zuwa sama, shiyyarmu ta Arewa maso Gabas ce kan gaba da kashi 6.1, kuma babban sababin shi ne yanar ido, wadda aikin asibiti na ƙasa da sa'a guda ke cirewa. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa a 2024 abubuwa 14 da ke da hannu a kusan kashi 45 cikin 100 na ruɗewar tsufa a duniya, a cikinsu akwai raunin ji, da raunin gani, da kaɗaici, da ƙarancin karatu. Da Bahaushe ya ce zumunci a ƙafa yake, ya haɗa magani biyu a jumla guda. Ku kuma da kuka zo wannan aji da furfura a gemu ko jikoki a gida, kuna haɗa baƙi kuna lissafi kuna gaisawa da juna, ku sani zaman nan ma yana cikin abin da ke wa ƙwaƙwalwa amfani.

Adalci ne a faɗi cewa yawancin waɗannan bincike an yi su ne a kan mutanen da matsalarsu yawan ci ce, alhali a unguwanninmu da ƙauyukan da ke kewaye da mu akwai tsofaffin da matsalarsu rashin ci ce, kuma wauta ce a yi wa mai cin abinci sau ɗaya a yini wa'azin rage ƙiba. Irin wannan tsoho abin da yake bukata shi ne wake da nono da ƙwai da gyaɗa da ɗan kifi, a dafa su da laushi saboda haƙora sun zube, don kada naman jikinsa ya narke. Tuwon dawa da miyar kuka, da burabusko, da fura da nono, da kwaɗon zogale ko rama, ba abincin ƙauyanci ba ne da za a ji kunyar sa a gaban baƙo. Su ne suka fi kusa da abin da masana ke yabawa, kuma a kasuwar garin nan ake sauke su buhu-buhu.

Aikin gida na wannan mako ba na takarda kaɗai ba ne. Kowane ɗalibi ya tsaya a madafar gidansa rana ɗaya, ya rubuta adadin dunƙulen magi da cokalin gishirin da suka shiga tukunya, da adadin bakin da suka ci. Sa'an nan ya ɗauki mafi tsufa a gidan, uwa ce ko uba ko kaka ko maƙwabci, su tafi asibiti ko ɗakin shan magani mafi kusa a auna jininsu su biyun, ya roƙi malamin asibiti ya rubuta masa lambobin nan biyu, na sama da na ƙasa, a bayan littafinsa. In akwai ƙunshin ƙwayoyi a ƙarƙashin matashin tsohon, a tafi da shi a nuna. Ku zo da littattafanku ranar darasi na gaba, da lambobinku za mu yi lissafi.